Ranar da Na Rufe wa Magulmaciya Baki

A unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, idan ka tambayi gidan Hafizu kallonka kawai za a yi. Ka ce gidan Rediyo, ko baƙon jiya zai nuna maka. Ni ne Rediyon. Ban so sunan ba, amma ban iya musu ba, don Allah ya yi ni da bakin da ba ya shawara da ni kafin ya buɗe. In na ga ɓera a ƙofar gida, kafin in kai wurin mai shayi ya zama gafiya, kafin shayin ya huce ya kai ɗan akuya, har da ƙaho.

Bakin nan ne ya kore mani mata. Tahira mace ce mai haƙuri, kuma ta yi shi har ya ƙare. A shekarun nan na siyasa babu hular jam'iyyar da ban sa ba, kuma kowane taro na je sai na dawo gida da alkawari. Yau za a ɗauke ni direban ɗan majalisa, gobe an sa sunana a kujerar Makka. Na ƙarshen shi ne babur. Na rantse mata cewa za a miƙa mani sabo fil a gaban jama'a, har na sa ta gayyato danginta daga Jiratawa. Suka cika mota suka zo, suka wuni a rana suna tafi. Abin da na samu a wunin nan riga ce mai hoton ɗan takara, ita ma ba ta rufe mani cibiya ba.

Da gari ya waye Tahira ta ɗaure kayanta, ta sa kwaɗo ta kulle ɗaki, ta ƙulle makullin a haɓar zane, ta tafi gidan ubanta. Ɗaki ɗaya gare mu da 'yar rumfa. Tun daga ranar a rumfar nake kwana. Na gaya wa maƙwabta likita ne ya ce in riƙa shan iska, suka ce Allah ya ƙara lafiya, har ɗari ya shigo ina nan ina shan iskar.

Na tura kawuna biko. Ya dawo da saƙon surukina, Malam Idirisa, manomin zogale da albasa a lambunan Jiratawa. Na rubuta sunan ne kawai don ku gane wanda nake nufi, a baki ban taɓa faɗinsa ba, Baba nake cewa. Saƙon gajere ne. Ya ce: “Ba ni da hwaɗa da yaron. Amma ɗiyata ta gaji da cin labari. Ran da nig ga abu guda da yah hito bakinai tsaye bisa ƙasa, da idona, za ta koma ɗakinta.”

Abu guda. Na zauna na duba duk abin da na taɓa faɗa tun da aka ɗaura mana aure, ban sami wanda zan jingina ko da bango ba. Kuma ina son Tahira, wannan kam ba ƙari a ciki. Gidan ya yi mani faɗi, ga kwaɗon nan kullum yana kallona.

Shekarar ce labarin bama-bamai ya yi ta zuwa mana daga gabas, wajen Difa, da kuma tsallaken iyaka. Mu a Maraɗi Allah ya tsare, amma tsoro ya riga ya shigo gari ya sami wurin zama. In tayar babur ta fashe a kasuwa sai ka ga dattawa da manyan riguna suna tsallake buhunan gero. Aka fara laluben mutane a ƙofar masallatan Juma'a da majami'u da tashoshin mota. Ga zaɓe kuma ya matso, kowa a tsarge yake da kowa.

A lokacin ne Alhaji Maman Lawali, wani babban ɗan kasuwar hatsi, ya sayo na'ura ya kafa a mashigar gidan benensa. Gida ne mai jama'a: shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, sama kuma babban zauren taro da 'yan siyasa suke haya. Na'urar kamar ƙofa take, sai dai ba ƙyaure ba bango, tana tsaye ita kaɗai. In ka ratsa ta da ƙarfe a jikinka sai ta tsala kuka, jar fitila ta kama. Gefenta akwai ɗan tebur da kwanon roba, inda ake zuba makullai da wayoyi kafin a wuce. Akwai kuma wata gajeriyar sanda mai batir da ake shafa wa jikin wanda ƙofar ta yi wa kuka, don a gano inda ƙarfen yake.

Shugaban masu tsaron, wanda ake ce wa Shef, wani tsohon soja ne, Kalibu, Kirista daga Tsibiri. Na sha kai shi gida lokacin da nake kabu-kabu da babur ɗin wani, kuma ya sha labarina har ya ƙoshi. Duk da haka da na roƙe shi ya ɗauke ni.

“Aikin ga tsayuwa ce da ido,” in ji shi. “Baki ba ya ciki. Kana iyawa?”

Na yi masa dogon bayani a kan yadda na iya shiru.

Mu uku ne a ƙofar. Ta ukun ita ce Saloma, yayar Kalibu, wadda take laluben mata a bayan labule da tata sandar. Mace ce mai jiki, maganarta kaɗan, amma duk maganar da ta fito bakinta sai ta sami wani. Ita ta sa wa sandar laluben suna muciya. Ƙofar kuwa Kalibu yana ce mata fortik, da Faransanci, amma mutanen gari ba su ɓata lokaci ba suka raɗa mata Magulmaciya, don ba ta iya riƙe sirrin kowa. Ta tona wanzami da zabirarsa. Ta tona mahauci. Ta tona wani Alhaji da ya saba yi wa mutane faɗa a kan layu, aka ɗaga riga sai ga guru da ƙarafa zagaye da ƙugu. Ni da ita muka shaƙu, don halinmu ɗaya, bakinmu ba ya rufuwa. Bambancin kawai ita abin da ke akwai take faɗa.

Dokar Kalibu ɗaya ce: wanda ta yi wa kuka sai an lalube shi, ko wane ne. Na gan shi da idona ya sa fastonsu ya ɗaga hannuwa, ya shafa shi sama da ƙasa, sannan ya rusuna ya gaishe shi. Abin ya burge ni, sai bakina ya buɗe.

“Shef, ai ni ko surukina ne ya zo, wallahi sai na lalube shi har cikin hula.”

Saloma ta leƙo daga bayan labule ta ce, “Allah shi kawo shi.”

Da na ga na kama aiki, na wanke kakina, na ɗora kaskat, wato hular aikin nan mai baki, na hau mota sai Jiratawa. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na tsuguna a bakin zaure, kaina a ƙasa. Baba yana zaune da Maliki, tobashinsa, ɗan ƙanwar ubansa, wanda tun suna yara ba shi da aiki sai tsokanarsa. Ban ɗaga ido ba, tabarma na yi wa bayani. Na ce mata an ba ni amanar wata na'ura da babu irinta daga nan har Yamai. Na ce ko allura aka ɓoye a cikin buhun gero sai ta ji warinta. Na ce, ina jin, har mugun nufi tana ganewa.

Maliki ya yi dariya har da buga cinya. “Idirisa, rediyon gidanka ya samu sabon batir!”

Baba bai yi dariya ba. Tambaya ɗaya ya yi, a hankali. “Wuƙa hwa? In tana cikin riga?”

“Ko haɗiye ta aka yi, Baba, sai ta yi kuka.”

Ya ce, “To.” Ni kuma na ɗauka tambaya ce irin ta tsofaffi. Tahira ban gan ta ba. Na dai ji ana daka a cikin gida, aka dakata lokacin da nake magana, da na kai wurin mugun nufi sai aka ci gaba da dakan da ƙarfi.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, ana dab da zaɓe. Wata jam'iyya ta kama zauren sama, layi ya miƙe daga ƙofa har bakin titi, ga 'yan bangarsu sun ɗaura jan ƙyalle a damtse suna zazzare ido. Kalibu ya hau sama wurin Alhaji, ya bar ni ni kaɗai a ɓangaren maza. Ina cikin jin daɗina, ina daka wa manya tsawa su zuba makullai a kwano, sai na hango wata jar hular dara a cikin layi. Na san darar nan. Ƙarƙashinta Baba ne, cikin farar rigarsa ta Juma'a, Maliki yana bayansa yana washe baki.

Babu manomin Jiratawa da yake fita ba wuƙar yankan zogale a ƙugu, kamar yatsa take a jikinsu. Magulmaciya za ta yi kuka, babu makawa. In ta yi, ni ne zan ce wa Baba ya ɗaga hannu. Ni ne zan shafa jikinsa, in ɗaga masa riga a bainar jama'a. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, wanda in na hango shi a hanya nake ratsewa in tsuguna tun kafin ya iso. Na ji abin da za a faɗa a Jiratawa kafin magariba: ya lalube surukinsa kamar ɓarawon kasuwa. In haka ta faru, ai sai dai in yi wa rumfata ƙyaure in zauna.

Sai dabara ta zo mani, kuma a lokacin na ji kamar in yi wa kaina tafi. Wayar wutar na'urar tana bi ta ƙarƙashin tebur zuwa bango. Na zare ƙafa daga takalmi, na saƙala babban yatsa, na ja. Koriyar fitilar ta mutu, ba wanda ya lura. Mutanen da ke gaban Baba suka wuce salin-alin, Allah kaɗai ya san abin da ke jikinsu. Ban ma tuna da su ba, ni ta kaina nake yi.

Baba ya iso. Ya gyara zaman darar, ya turo ƙirji, ya ratsa ƙofar a hankali kamar ango. Shiru. Ni kuwa na riga na zube ƙasa.

“Barka da zuwa, Baba. Kun zo lahiya? Ya mutanen gida?”

Ya tsaya yana duban ƙofar. Sai ya zagaya ya koma waje, ya sake shigowa, wannan karon ya ɗan tsaya a tsakiya. Shiru.

“Ina kukan?” in ji Maliki. “Ko barci take? Ko ita ma alkawali anka yi mata?”

“Tsaya,” in ji Baba. “Ƙila ba ta jiya ba.”

Ya sa hannu cikin riga ya zaro wuƙar, doguwa, bakinta ya sha washi. Ya ɗaga ta sama a tsakiyar ƙofar, ya girgiza, har ya ƙwanƙwasa jikin na'urar da ƙotar. “Ke! Ga ta nan! Ba ki gani ba?”

A nan ne na gane. Ba wucewa ya zo yi ba. Kukan ya zo ji. Tun daga Jiratawa ya ɗauko Maliki don ya nuna masa cewa sau ɗaya dai surukinsa ya faɗi gaskiya. Sau ɗaya a rayuwata na faɗi abin da yake tsaye bisa ƙasa, ni kuma da yatsan ƙafata na kayar da shi.

Ban sami damar miƙewa ba. Wata mata a layi ta ƙwala ihu, “Wuƙa!” Kafin maganar ta kai tsakiyar layi ta zama takobi, kafin ta kai bakin titi ta zama bam. A ranar na ga yadda sana'ata take aiki a bakin wasu. Wuri ya hargitse. Takalma suka watse, tiren mai ƙosai ya tashi sama, wani mai babbar riga ya haye kan babur ɗin da ba nasa ba. Ni kuwa, wanda na sha gaya wa mai shayi cewa in ɗan ƙunar baƙin wake ya zo rungume shi zan yi, ni da na san wuƙar zogale ce, na san mai ita, sai ga ni a ƙarƙashin tebur. Har yau ban san wanda ya kai ni can ba.

Daga can ƙasa na ga 'yan banga sun afka wa Baba. Ɗaya ya murɗe masa hannu wuƙar ta faɗi, ɗaya ya kwashe masa ƙafafu. Na ji ƙarar kafaɗarsa a kan siminti. Jar darar ta fita, ta gangaro, ta shigo ƙarƙashin tebur ta tsaya a gwiwata. Na ɗaga ido, abin da ban taɓa yi ba a gabansa, na ga kansa. Fari fat, ɗan ƙarami, da wani tsohon tabo a gefe. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin kan nan ba hula ba. Na ji kunya a rayuwata iri-iri, amma irin ta lokacin nan ban taɓa ji ba. Don kada in taɓa masa riga, na sa an kayar da shi ƙasa a gaban duk Maraɗi.

Da aka ga babu abin da ya fashe, jama'a suka fara dawowa, kowa da bayaninsa. Wani ya ce tsohon asiri gare shi, ya ɗaure bakin na'ura. Wani ya ce turo shi aka yi ya gwada ƙofa, manyan suna tafe a baya. Aka fara kiran a kawo jandarma su tafi da shi. Maliki dariya ta ƙare, yana ta ture mutane yana rantsuwa, “Ɗan uwana ne! Manomi ne! Wallahi zogale yake yanka!” Ba mai sauraronsa.

Alhaji Maman Lawali ya sauko, Kalibu yana gabansa yana buɗa hanya. Ni kuma na rarrafo na fito, da darar a hannu. Alhaji ya tsaya a kan Baba, wanda ke zaune a ƙasa, rigarsa ta yage a kafaɗa.

“Dattijo, wa ya aiko ka?”

“Ba wanda ya aiko ni,” in ji Baba. Muryarsa ba ta rawa. “Surukina ke tsaron ƙohwar ga. Shi yac ce mani ko allura ba ta ƙyalewa. Ni kuma niz zo da wanga mutum in gwada mishi yaron bai yi ƙarya ba.” Ya nuna ƙofar da haɓa. “To, ga shi kun gani.”

Kalibu ya sunkuya ya duba bayan tebur, ya ɗago da kan wayar a hannu. Ya dubi wayar, ya dubi ƙafata da ba takalmi, ya dube ni. Ya gane sarai. Amma mutumin kirki ne, sai ya juya wajen Alhaji ya ce, “Waya ce ta hita. Ƙila cikin turereniya anka yi tuntuɓe da ita.”

Alhaji ya gyaɗa kai. Shi ke nan, an buɗe mani hanya, ƙarya ce ma da ba sai na wahala na ƙera ta ba, an miƙo mani ita a dafe. Abin da ya rage in yi shiru. Ina so in ce maku imani ne ya motsa mani, amma gaskiya ban yanke shawarar komai ba. Bakin nan ne, wanda bai taɓa tambayata ba, ya sake buɗewa da kansa.

“Ba tuntuɓe ba ne, Alhaji. Ni na cire ta.”

“Kai? Don mi?”

“Surukina ne. Kunya na ji.”

Aka yi tsit, sannan wuri ya ɓarke da dariya. Wani dattijo a gefe ya gyaɗa kai ya ce yaron yana da tarbiyya. Alhaji ya juyo ya ce tarbiyyar da za ta sa a kwashe gawarwaki a gidansa ba ya buƙatarta, in an tashi in ajiye masa kaskat. Kalibu bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi. Ya ce duk wanda ya wuce tun da na ja wayar sai an sauko da shi ya sake bi. Ya ce mani, “Akwai mata da goyo can sama, Hafizu. Su ba ka ji kunyarsu ba?”

'Yan bangan suka saki Baba, suna sosa ƙeya. Maliki ya kama shi ya miƙe. Na matsa a tsugune, na miƙa masa darar da hannu biyu. Ya karɓa, ya karkaɗe, ya ɗora. Na ɗauka zai juya ya tafi, kuma na san in ya tafi haka Tahira ta tafi ke nan.

Sai ya ce, “A maida wayar.”

Kalibu ya soka ta a bango, koriyar fitila ta dawo. Baba ya miƙa hannu aka ba shi wuƙarsa, Kalibu ya ɗaga wa jama'a hannu kada wani ya sake gudu. Baba ya soke ta a ƙugu, ya zagaya waje yana ɗingishi, ya gyara dara, ya ratsa. Magulmaciya ta tsala kuka, jar fitila tana walƙiya. Na sha jin kukan nan har ya gundure ni, amma ranar ya fi mani kowane kiɗa daɗi.

Baba ya juya. “Maliki, ka jiya?”

“Na jiya.”

“A'a, ba ka jiya ba, kunnenka ya tsuhwa.” Ya zagaya ya sake ratsawa, ta sake tsalawa. Sai da Maliki ya ɗaga hannu ya ce ya tuba.

Kalibu ya karɓi wuƙar ya ajiye a tebur, ya ce Baba ya sake bi. Ya bi, ta sake yin kuka. Akwai sauran ƙarfe ke nan. Kalibu ya ɗauko muciya ya ɗora mani a hannu.

“Ba ka aje kaskat ba tukuna. Yi aikinka.”

Baba ya ɗaga hannuwansa biyu ba tare da an ce masa ba. Ya kafa ido a bango, can sama da kaina, don ya rage mani nauyi. Na miƙe a gabansa, ban taɓa sanin na fi shi tsawo ba. Na bi da muciyar daga ƙafa zuwa ƙugu. Na shafa gefen rigarsa, na ji haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, ashe tsohon duk riga ce. Da na zo kafaɗar da ta bugu ya ɗan ja numfashi. A aljihun ƙirji muciyar ta yi ƙara. Na jira ya ciro da kansa, ya ƙi. Na sa yatsu biyu na zaro.

Ɗan ƙaramin makulli ne, an ɗaura masa tsinken atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Na san atamfar, ni na saya. Na san kwaɗon da makullin yake buɗewa, kullum da shi nake kwana ina tashi.

Na rasa abin yi, sai na bi doka, na sa shi a cikin kwano. Baba ya sake ratsa ƙofar, ta yi shiru. Ya ɗauki wuƙarsa ya soke, don ba shi da abin yi a cikin benen. Bai dube ni ba. Ya juya wajen Maliki.

“Maliki, hwaɗa wa yaron ga shi rage jin kunyata, kahin ta kashe ni.”

Suka juya suka nufi titi, yana ɗingishi, Maliki yana riƙe da gwiwar hannunsa. Na waiga sai na ga makullin yana nan a kwano. Na wawure shi, na cika ƙirji da iska, na buɗe baki, “Baba! Kun man...”

Muciyar Saloma ta sauka a kan leɓena, da ƙarfin da sai da na ji gishiri-gishiri.

“Yi shiru, sakarai,” in ji ta a hankali. “Tsohon da bai manta wuƙa ba, makulli za shi mantawa? Ɗazu ka ruhe bakin da bai kamata ba. Yanzu ruhe wanda ya kamata.”

Na tsaya da makullin a tafin hannu. A bakin titi na ga Baba ya rage tafiya, ya ɗan karkata kai, kamar mai sauraren ko za a kira shi. Maganar tana cin maƙogwarona, na danne ta da haƙora. Na yi dako, na tura babur ba mai daga Tsibiri har gari, amma ban taɓa aikin da ya kai shirun nan wuya ba. Da ya ji ba a kira ba, ya tsayar da kabu-kabu suka hau.

Kaskat dai na ajiye ta. Kalibu ya roƙi Alhaji, aka mayar da ni gadin babura a waje, cikin rana, inda babu wayar da zan ja. Na koma gida da makulli a aljihu, na tsaya gaban kwaɗon na daɗe, ban buɗe ba. Ba ni na kulle ba.

Kashegari bayan la'asar babur ya tsaya a ƙofar gida. Tahira ta sauko da ƙullin kayanta. Ta rame kaɗan, ko kuma idona ne. Tun safe nake shirya mata jawabi, mai kyau, har da yadda na yi ta maza na ceci Baba daga hannun 'yan banga. Ta iso bakin rumfa, ta dire ƙullin, ta ɗaga hannuwanta biyu sama, fuskarta ba dariya amma idonta yana yi.

“To, mai tsaron ƙohwa, bismilla. Ko nan ma ka cire waya?”

Bakina ya motsa, sai na ji a karo na farko ya tsaya yana jiran abin da zan ce masa. Ban ce masa komai ba. Na miƙa mata makullin, ta buɗe ɗakinta, ni kuma na je na ɗauko tsintsiya.